Cokali Ɗaya a Furar Najla

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Najla ta iso daga Dublin da jaka ɗaya, ba ta ce tana tafe ba. Ta gaishe ni a tsaye a bakin ƙofa, ta wuce ɗakinta. Sai da babanta Malam Ilya ya dawo daga aikin safe a Saint-Fons sannan ta fito ta yi magana.

An dakatar da ita daga tsere. A gasar da aka yi a Paris farkon watan nan, ita da 'yan mata uku sun zo na biyu a tseren miƙa sanda, da sunan Irlande. Bayan tseren aka ɗauki fitsarinta kamar yadda ake yi musu kullum. Yanzu sakamako ya fito, wai an sami wani magani da aka haramta wa masu gudu. In ba ta nuna ta inda ya shiga jikinta ba, shekara huɗu za a hana ta gudu, kuma duniya ta ɗauke ta mai maguɗi. Ta ce shekara huɗu ga mai shekara ashirin da biyu, an gama da ita ke nan.

Na faɗa mata abin da ya kamata uwa ta faɗa. Tun tana lisse, babbar sakandare, nake cewa wannan ba sana'ar ɗiya musulma ba ce, a fito gaban jama'a da ɗan kamfai ana nuna cinya. A Limerick ta ƙasar Irlande na haife ta lokacin da Malam yake aiki can, takardar ƙasar ke nan ta samu, ban san ita ce za ta ja min ita ba. Na ce wanda ya bar hanyar da iyaye suka nuna masa kada ya yi mamakin abin da ya tarar. Malam ya ce, "Nuriyya, ya isa."

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan azahar

Najla ta baje komai a kan tebur: ƙwayoyin bitamin, man shafawa, garin da take damawa bayan motsa jiki, har man goge baki. Lauyarta da ke Paris ta ce a aika duka a gwada, kuma ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta cikin wata guda kafin tseren. Kwana goma daga ciki a nan gidan ta yi su, ƙarshen Yuni, tana fita filin wasa da safe tana dawowa.

Ta tambaye ni me da me na dafa. Na lissafa mata. Shinkafa, miyar kuka, kifi, taliya. Fura kowace safiya.

Ta ce, furar fa? Na ce gero ne da nono. Haka na faɗa mata a watan Yuni ma da ta tambaya.

Alhamis, 31 ga Yuli, da hantsi

Gero ne da nono. Sauran ba magani ba ne irin wanda suke nufi.

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Na je karatun mata a nan Vaulx-en-Velin kamar kowace Asabar. Ni ce mai jan karatun, ba zan ƙi zuwa ba don a ce na ɓuya. Darasin yau a kan amana ne, tun watan jiya na tsara shi. Na karanta shi har ƙarshe.

Bayan addu'a Hajiya Yelwa ta matso da kujerarta. Ta ce, "Malama, mun ga ɗiyarmu a salula. Kai, Turawan nan. Ashe har ɗiyar Malama suke yi wa ƙazafi? Mu da namu 'ya'yan ba su da tarbiyya ai sai mu yi shiru." Tana murmushi tana miƙo min dabino. Shekara biyu ke nan da na ce a gaban mata cewa uwar da ɗiyarta ta cire kallabi don aikin banki ta binciki kanta. Ban ambaci suna ba. Kowa ya san ɗiyar wa ce.

Na karɓi dabinon. Na ce Allah zai bayyana gaskiya. Duk suka ce amin.



Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Zan rubuta sau ɗaya, don in ga yadda yake a takarda.

Da ta zo a watan Yuni ta rame, ƙashin wuyanta a waje, tana ɗingishi kaɗan in ta tashi da safe. Abincinta kamar na majinyaci, ana aunawa a sikeli. Yaya Safa ta aiko min da wani gari daga Zinder ta hannun wata mai zuwa, a cikin gwangwanin madara, ta ce na ƙarfin jiki ne da ciwon gaɓoɓi, wani mai magani ne a kasuwa yake haɗawa, saiwoyi ne da sassaƙe. Ita kanta shi take sha don gwiwarta. Cokali ɗaya a fura da safe.

Na san Najla ba za ta sha ba in na gaya mata. Yarinyar da take juya kwalin yawur tana karanta bayansa kafin ta buɗe. To ni na haife ta. Tun tana jaririya nake ba ta abin da na ga ya dace, ban taɓa neman izininta ba, uwata ma ba ta nemi nawa ba. A rana ta huɗu ta daina ɗingishi, ta ce tana jin jikinta kamar sabo. Na yi hamdala.

Saiwa da sassaƙe ba sa fitowa a na'urar Turawa. Ba shi ba ne. Gwangwanin yana bayan buhun shinkafa.

Asabar, 9 ga Agusta, la'asar

Ban je karatu ba. Na aika cewa kaina yana ciwo, kuma yana ciwon.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

An buɗe kwalba ta biyu ta fitsarin, wadda aka ajiye don sake gwaji, a Paris, lauya tana wurin. Daidai da ta farko. Kayan da Najla ta aika kuma duk sun fito lafiya, babu komai a cikinsu. Ta zauna a ƙasan kicin, bayanta jingine da firji, tana maimaita cewa ba ta sha komai ba, ba ta sha komai ba. Babanta ya zauna kusa da ita da kayan aikinsa a jiki. Ya ce ya yarda da ita ko da duk duniya ta ƙi. Ni ina tsaye ina yanka albasa wadda ba na bukata.

Na kira Yaya Safa daga baranda. Bayan gaisuwa na tambaye ta me ke cikin garin. Ta yi dariya ta ce ita ta sani? Ta ce ai garin mai maganin nan ya fi na kowa aiki, ana cewa yana daka ƙwayoyin farmasi yana haɗawa a ciki, kwana uku mutum ya miƙe. Ta tambaya ko in aiko da wani. Na ce a'a.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Na sa gwangwanin a leda, na sauka har wurin kwandunan shara. Na tsaya. Lauya ta gaya wa Najla cewa baki kawai ba ya isa, sai an kawo abin da kansa an gwada an ga maganin a ciki, shi ne kaɗai zai iya rage mata hukunci. In na jefa, babu wanda zai taɓa sani. In na jefa, shekara huɗu.

Maƙwabciyarmu ta sauko da karenta ta gaishe ni. Na koma sama da ledar.

Ban yi da mugun nufi ba. Allah ya sani.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan azahar

Najla tana tashi da asuba ta yi salla, ta fita ta yi gudu ita kaɗai a gefen kanal, doguwar hanyar ruwan nan, tunda an hana ta shiga fili da sauran. Ta dawo ta sha ruwan famfo, ta ci abin da ta sayo da kanta. Ba don tana zargina ba ne. Ta ce yanzu ba ta yarda da komai ba sai abincin gidan nan da abin da ta buɗe da hannunta, amma ba ta jin yunwa.

Na yi mata faɗa a kan gajeren wandon da ta fita da shi. Na ji muryata tana tashi, ban iya tsayar da ita ba. Ta ce, "Maman, yau kam ki bar ni." Na ci gaba.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Wata sabuwa. A cikin 'yan mata huɗun akwai wata Breda, babbarsu, shekararta talatin da uku, ita ce take miƙa wa Najla sanda a zango na ƙarshe. Ita ta karɓe ta lokacin da ta koma Irlande karatu ba ta san kowa ba, a ɗakinta ta kwana wata biyu. Wannan gasar ita ce ta ƙarshe a wurinta, kuma lambar yabon da suka ci ita ce kaɗai ta taɓa samu a waje.

Najla ta tuna cewa ranar tseren gorar ruwanta ta ƙare, Breda ta miƙo mata tata ta sha. Ta gaya wa lauya. Lauya ta ce a rubuta, a nemi a binciki Breda, ranar Litinin za a aika takardar. Najla tana kuka tana cewa ba ta so, amma babu wani abu da ya rage, ta bi komai ɗaya bayan ɗaya. Malam ya ce kada ta ɗora wa mutum abin da ba ta gani da idonta ba. Ta ce to wa ya rage, Baba?

Ni da nake koya wa mata hukuncin ƙazafi, ina zaune a wurin ina ninke tufafi.

Asabar, 23 ga Agusta, da rana

Gobe.

Lahadi, 24 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Bayan azahar Najla da babanta suna zaune su biyu a tebur da takardar Breda. Na ɗauko gwangwanin na ajiye a tsakaninsu, na ɗauke murfin. Na yi niyyar in fara da cewa ta rame, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Wannan na sa miki a fura. Kwana goma. Cokali ɗaya."

Ta dubi garin, ta sunsuna. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Na tambaye ki, Maman. A Yuni na tambaye ki, na sake tambayarki da na dawo." Na ce na sani. Ta ce, "Sati huɗu kina kallona."

Malam ya cire tabarau ya ajiye. Ya tashi ya nemo leda mai tsabta, ya rufe gwangwanin ya sa a ciki, ya ce kada kowa ya sake taɓa shi.

Najla ta yayyage takardar Breda. Ta haɗa jakarta, ta ce za ta wurin ƙawarta a Saint-Denis. A bakin ƙofa ta yi sallama da babanta.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Na dama fura kamar kullum. Babu wanda ya sha, na zubar.

Alhamis, 28 ga Agusta, cikin jirgin ƙasa, ƙarfe shida na yamma

Mun je Paris ni da Malam, ya ɗauki hutun kwana ɗaya. Daga tashar Part-Dieu har muka sauka ledar tana kan cinyarsa, ya riƙe da hannu biyu. Ofishin lauyar yana hawa na biyar. Ƙaramar mace ce, ba ta girmi Najla da yawa ba. Ta yi min magana da ladabi, Madame kaza, Madame kaza, tana rubuta duk abin da na ce. Wa ya aiko, wa ya kawo, wane cokali, babba ko ƙarami. Ta nemi in nuna mata saƙonnin Yaya Safa a salula. Ta ce za a iya ce min ƙarya nake yi don in ceci ɗiyata, iyaye da yawa sun gwada haka, saboda haka kada in gyara komai, kada in rage, in faɗa yadda ya faru ko da bai yi min kyau ba.

Najla tana wurin, a kujerar da ta fi nisa. Ta sa dogon wando da riga mai hannu. Ban san ko don ni ba ne ko don ofishin.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Na je karatu. Kafin a buɗe littafi na gaya musu, tunda ko ban faɗa ba zai fito a jarida. Na ce ɗiyata ba ta yi maguɗi ba, ni na ba ta abu a ɓoye, ta tambaye ni na yi mata ƙarya. Na ce su nemi wata ta ja karatun.

Wasu suka ce ai kowace uwa tana yi, wa a cikinmu bai taɓa jiƙa wa ɗansa abu ba. Wannan ya fi zagi ciwo, don da wata ce ta yi na san abin da zan ce mata. A tashar bas Hajiya Yelwa ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Malama, nawa gwangwanin ma daga wurin mai maganin nan na Zinder yake. Mijina nake ba wa." Ta ce yau za ta zubar. Muka shiga bas ɗaya, kowa da kujerarsa.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe biyu

An gwada garin. Maganin yana ciki, da wasu biyu bayansa.

Alhamis, 18 ga Satumba, Paris, ƙarfe biyar na yamma

Zaman hukunci. Mutum uku a allon kwamfuta, mu a ofishin lauya, da mai fassara. Wata mai farin gashi ce ta yi min tambayoyi. Ko na san ana gwada ɗiyata? Na sani. Ko ta taɓa gaya min kada in sa mata komai a abinci? Ta gaya min, har takarda ta manna a jikin firji. Ko ta tambaye ni game da furar? Ta tambaya. Me na ce? Na faɗa musu abin da na ce. Mai fassara ya mayar da shi Turanci, na ji kalmomin da kunnena, sauran Turancin da na koya a Limerick ya isa in gane.

Sai ta tambaya me ya sa. Na ce don lafiyarta, ta rame. Ta dube ni ta rubuta.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Hukunci ya fito. Sun yarda ba da saninta ba ne. Wata shida maimakon shekara huɗu, daga ranar da aka dakatar da ita, za ta iya komawa kafin bazara. Malam ya yi sujada a falo.

Amma lambar ta tafi. A tseren miƙa sanda in jikin mutum ɗaya ya ɓaci, na duka huɗun ya ɓaci. Za a share sunansu daga sakamakon, kowace ta mayar da tata. Har da Breda.

Najla ta kira babanta. Ta ce gobe za ta zo ta kwashe sauran kayanta, kuma akwai abu ɗaya da take so in yi.

Lahadi, 28 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Jiya Najla ta jingine salula da kwanon sukari, ta kira Breda ta bidiyo. Ta ce ni zan faɗa da bakina, ita za ta fassara. Ta riga ta gaya wa Breda maganar gorar ruwa da takardar da ta kusa aikawa, ba ta ɓoye mata ba.

Doguwar mace ce mai jan gashi, tana zaune a mota, yarinya ƙarama tana barci a kujerar baya. Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi gida da iyali. Najla ta taƙaita gaisuwar. Na faɗa mata komai, na nemi ta yafe min. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce lambar tana gidan babanta, ya rataye ta a kicin, bai san za a karɓa ba tukuna, ita za ta je ta ciro. Ta ce ba ta san ko ta yafe ba, kada in jira amsa yau. Na ce hakkinta ne.

Sannan ta ce abu ɗaya ne ba ta gane ba. Najla ta sha gaya musu cewa uwarta ba ta son gudun nan, ba ta taɓa zuwa fili ba ko sau ɗaya. To me ya kai ni?

Na buɗe baki in ce ta rame. Na riga na faɗa wa lauya, na faɗa wa masu hukunci, na faɗa wa littafin nan. Gaskiya ne ta rame. Amma matar nan ta rasa abin da ta yi shekara ashirin tana nema, ba zan ba ta rabin magana ba.

Na ce, "Ina so ta ci ne. Na ga tana ɗingishi, na ji tsoron za su wuce ta. Ranar tseren na kulle ƙofa na kalla a tele, a tsaye. Ba shi ne na farko da na kalla ba."

Najla ba ta fassara ba. Breda tana jira, tana kiran sunanta. Sai da ta daɗe sannan ta faɗa mata da Turanci, a hankali, tana kallon tebur. Suka yi sallama, ta kife salular.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun tana aji uku a kwaleji, tseren da ta faɗi a kwana ta tashi ta ƙarasa. Ranar na je, na tsaya a bayan shinge inda ba za ta gan ni ba.

Ta ce, "Ranar da na dawo gida gwiwata tana jini kika ce Allah ya ƙara."

Na ce e, na faɗa.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta ci gaba da haɗa kaya. Jirginta yau da safe ne. Malam ya kai ta, ni ba ta ce in zo ba, ban kuma roƙa ba. Da ya dawo na tambaye shi ko ta bar min saƙo. Ya ce ta ce za ta kira shi in ta sauka, kuma in ina kusa ba sai na fita daga ɗakin ba.